Yadda ake zana yankin ƙanƙara a taswirar duniyar wasa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokaina muna yin wasan labari irin Dungeons & Dragons, kuma ni ne na ƙago duniyar da muke wasa a cikinta. Na zana taswirarta a kwamfuta, amma arewacinta ya fito fari fat babu komai, sannan da na naɗa ta a kan ƙwallon duniya sai tsibiran can suka tsuke. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsukewar ba laifin kwamfutarka ba ne, daga yanayin shimfiɗaɗɗiyar taswira take. Layin da ke can saman taswirarka, duk tsawonsa, a kan ƙwallo ɗigo ɗaya ne tak, don haka duk abin da ka zana kusa da shi dole ya matse. Irin wannan ne ya sa tsibirin Girinlan, da ke can arewacin duniya, ke fitowa kusan girman Afirka a shimfiɗaɗɗiyar taswirar duniya da ake kira Mercator, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Idan faɗin taswirarka ya ninka tsayinta sau biyu, to a digiri 60 arewa da layin da ya raba duniya biyu sai ka zana kowace ƙasa da faɗin da ya ninka wanda kake so ta kasance sau biyu, kuma ka ƙara miƙe ta yayin da kake ƙara yin arewa. Manhajar G.Projector ta hukumar NASA kyauta ce, za ta nuna maka taswirar daga saman duniya, ka ga inda ta lalace ka koma ka gyara.

Batun farin ya fi damuna, domin a nan ne masu zane da yawa ke kasala. Ƙanƙara ta rufe kusan kashi 80 cikin 100 na Girinlan, amma mutane suna zaune a bakin teku, inda ake samun kifi da farauta, saboda haka garuruwanka su bi gaɓa. Daga kudu ka fara da kurmin itatuwa masu duhu, sai itatuwan su yi ta raguwa har a kai fili mai gajerun tsirrai, sannan ƙanƙarar da ba ta narkewa. A manhajar zane irin Krita ko GIMP ka ware wa kowane ɗaya shimfiɗarsa (layer), ka sirka farin da shuɗi da toka don duwatsu su fito.

Ka kuma bar tashar jiragen ruwa guda wadda ruwanta ba ya daskarewa, kamar Murmansk ta Rasha da igiyar ruwan ɗumi daga Tekun Atlantika ke rayawa, domin irin wannan gari ne sarakunan labarinka za su yi yaƙi a kansa. Sannan ka ja layi a wajen digiri 66.5 arewa, don ’yan wasanka su san cewa idan suka haye shi a lokacin sanyi, akwai ranakun da rana ba za ta fito musu ba sam.