Tambaya da Amsa: Goge bayanai kafin a mayar da rumbun faifai

Tambaya: Assalamu alaikum. A wurin aikinmu muna da babbar kwamfutar IBM mai aiki da z/OS, babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kuma wa'adin hayar rumbun faifanta, ƙirar DS8000, ya kusa cika. Mun share fayiloli, mun yi wa kowane faifai umarnin INIT da ICKDSF, manhajar IBM ta shirya faifai. Za mu iya mayarwa haka?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kada ku mayar tukuna. Abin da INIT ke yi shi ne rubuta sabon lakabi da sabon VTOC, wato jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake. Bayanan kansu suna nan kwance ba abin da ya taɓa su.

Mataki na farko, ku raba duk wata alaƙar kwafi, irin su Metro Mirror, mai kwafe duk abin da aka rubuta zuwa wani rumbu nan take, da FlashCopy, mai ɗaukar kwafin faifai yadda yake a wani lokaci. Idan kuka fara gogewa alhali Metro Mirror na aiki, gogewar za ta bi ta cinye kwafin da ke ɗaya rumbun, wanda wataƙila shi kuka dogara da shi. Wannan asara ba ta da gyara. Daga nan sai umarnin TRKFMT na ICKDSF tare da ERASEDATA, wanda ke rubutu a kan kowane layi na faifan, CYCLES kuma ya ƙayyade yawan zagaye. Bayan an gama, ku buga wasu layuka da umarnin PRINT na DFSMSdss, manhajar IBM ta kwafe da buga bayanan faifai, ku gani da idonku cewa sun gogu.

Sai dai wannan kaɗai bai isa ba. Faifan da z/OS ke gani, wanda ake kira 3390, ba faifai ba ne na zahiri. Rumbun ne ke kwaikwayonsa, yana rarraba bayanan a kan faifai da yawa ta tsarin da ake kira RAID. Akwai wuraren da umarni daga babbar kwamfutar ba ya kai wa: sassan da faifai ya ware saboda sun lalace, da kuma rarar gurbin da faifan filash, wato irin wanda ba ya juyawa, ke ɓoyewa don raba wahalar rubutu. Shi ya sa ƙa'idar goge bayanai ta hukumar ma'auni ta Amurka, NIST SP 800-88, a bugun 2014, ta bambanta matakai uku: sharewa, da tsarkakewa, da lalatawa.

A ganinmu, in an kunna kulle bayanai da mabuɗin sirri tun ranar da aka kafa rumbun, hanya mafi inganci ita ce lalata mabuɗin, har da kwafinsa da ke kan sabar mabuɗai, wato kwamfutar da ke ajiye mabuɗan. In ba a kunna ba, ku nemi a yi gogewar daga cikin rumbun kansa, a ba ku takardar shaida mai ɗauke da lambar kowane faifai.

Faifan da ya mutu ba ya karɓar rubutu, don haka niƙa shi za a yi. Na'urar maganaɗisu tana goge faifai mai juyawa, amma ba ta yi wa filash komai.