Kwamfuta ko haɗa bidiyo: wanne zan ɗauka a kwalejin shekara biyu?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Shekarata 22, daga zangon Kumasi na zo, yau shekara uku ina zaune a Bronx da ke New York, kuma ina da katin zama na dindindin. Ina aiki a shago, ranakun Asabar da Lahadi kuma ina ɗaukar bidiyon biki da suna. Ina son shiga kwalejin shekara biyu. Babana ya ce kwas ɗin kwamfuta da ake kira CIS zan yi, ni kuwa raina yana kan haɗa bidiyo da fim. Zan iya haɗa biyun? In ba zai yiwu ba, wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Za ka iya taɓa duka biyun, amma ɗaya ne zai zama digirinka, ɗayan ka riƙa tsinkarsa a gefe. Da ni ne kai, CIS zan sa a takarda, in ɗauki darasin bidiyo biyu ko uku da na zaɓa da kyau. Ban faɗi haka don in faranta wa Baba rai ba. Dalilin yana cikin yadda ake ɗaukar ma'aikata a fannonin biyu.

Wanda zai ba ka aikin tace bidiyo ko riƙe kamara, abin da zai fara cewa shi ne turo mini aikinka in gani. Minti biyu na hoto mai tsabta da sauti mai fita ya fi masa kowace takarda. Wanda zai ɗauke ka kula da kwamfutocin asibiti ko makaranta ko ofishin gwamnati kuwa, takarda yake fara dubawa, sau da yawa ma manhaja ce ke tace masu nema kafin idon mutum ya kai kan sunanka. To tunda kuɗin tallafi da lokacinka na digiri ɗaya ne, ka kashe su inda ba a shiga sai da takarda.

Ka san kuma abin da CIS yake, don mutane da yawa suna ɗaukarsa kimiyyar kwamfuta, alhali sun bambanta. Kimiyyar kwamfuta tana da lissafi mai zurfi, har da kalkulas, kuma tana horar da masu ƙirƙirar manhaja daga tushe. CIS ya fi karkata ga yadda ma'aikata ko kamfani ke amfani da kwamfuta wajen tafiyar da harkarsa. Za ka yi darasin rubuta manhaja ɗaya ko biyu, galibi da Python ko Java. Za ka koyi rumbun bayanai da yaren SQL da ake yi masa tambaya da shi, da yadda ake haɗa kwamfutoci su yi magana da juna, da tsarin Linux, da tsaron bayanai, da gina shafin intanet. A wurare da dama akan haɗa da darasin akanta da na kasuwanci. Wasu darussan an tsara su ne daidai da jarrabawar shaidar ƙwarewa irin su A+ da Network+ na CompTIA, ko CCNA na Cisco. In ka gama irin wannan darasi, ka zauna jarrabawar tun abin yana da ɗumi a kanka, kada ka ce sai ka kammala digiri.

Yanzu ga wurin da ɗalibai suka fi yin asara, kuma nan nake so ka natsu. Digirin shekara biyu kiredit 60 ne ko kusa da haka (kiredit shi ne ma'aunin da ake ƙirga nauyin darasi da shi), amma iri uku ne: AA, AS da AAS. Na farko da na biyu an gina su ne don ka wuce jami'ar shekara huɗu ka ƙarasa. Na uku, AAS, an gina shi don ka fita ka kama aiki, saboda haka darussan sana'a sun fi yawa a cikinsa, na gama-gari kamar Turanci da tarihi da kimiyya sun yi kaɗan. A kwalejoji da yawa CIS yana zuwa ne a matsayin AAS. Wannan ba aibu ba ne, sai dai wanda ya gama AAS sannan ya ce zai ci gaba yakan tarar an ƙirga masa wasu darussan a matsayin na cike gurbi kawai, ya koma yana yin waɗanda bai yi ba. Shekara biyun da ya yi tsammani sai ta zama biyu da rabi ko uku.

A New York kuna da sauƙi, domin kwalejojin shekara biyu guda bakwai na birnin suna ƙarƙashin inuwa ɗaya da manyan kwalejojin, wato CUNY, jami'ar birnin New York. Tun 2013 akwai tsarin Pathways mai kiredit 30 na darussan gama-gari, wanda duk inda ka koma cikin CUNY yana bin ka. Akwai kuma shafin Transfer Explorer, inda za ka rubuta lambar darasi ka ga matsayin da zai samu a wata kwalejin. Kafin ka yi rajistar zangon farko, ka zaɓi inda kake hasashen ƙarasawa. Lehman da ke nan Bronx tana da digirin CIS, Baruch ma haka ta ɓangaren kasuwanci, City Tech a Brooklyn kuma tana da digirin fasaha da ya fi dacewa da masu AAS. Ka ɗauki jerin darussanka ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Aikin yini guda ne, amma yana iya tsare maka zango guda.

Batun kuɗi ma yana da alaƙa da tambayarka kai tsaye. Mazaunin birnin da ke karatun cikakken lokaci yana biyan dala 2,400 a zango, ban da ƙananan kuɗaɗe da littattafai. Da katinka kana da damar cike fam ɗin neman tallafin karatu da ake kira FAFSA ka nemi tallafin Pell na tarayya da TAP na jiha, kuma ga mai ƙaramin ƙarfi su biyun kan rufe kuɗin makaranta. Amma tallafin yana ƙirga darussan da ke cikin digirinka ne kawai. In kana CIS ka ɗauki darasi uku na digirin da ɗaya na kamara da ba ya ciki, kowanne mai kiredit 3, a wurinsu kiredit 9 kake yi, ba 12 na cikakken lokaci ba, sai a rage maka kuɗin tallafi. Dabarar ita ce: kuɗin cikakken lokaci ɗaya ne daga kiredit 12 zuwa 18. Ka fara cika 12 da darussan digirinka, sannan ka ɗora na bidiyo a kai, ba za a ƙara maka kuɗin karatu ba. Ka tambayi ofishin tallafi su tabbatar maka kafin ranar rufe canjin darussa. Ka tambaya kuma game da shirin ASAP, wanda aka fara a 2007, yana taimakawa da kuɗin jirgin ƙasa da littattafai, yana kuma ba ɗalibi mai ba shi shawara na musamman.

Sai dai ka yi lissafin lokaci da gaskiya. Ƙa'idar kiredit ɗaya ita ce awa ɗaya a aji da awa biyu a gida kowane mako. Kiredit 15 ke nan awa 45 a mako, ga shago, ga biki. Darussan bidiyo kuma sun fi abin da aka rubuta musu cin lokaci, domin aikin rukuni ne: sai ka jira a ba ku aron kamara, sai abokin aikinka ya tashi daga nasa aikin, sai rana ta faɗi ba ku gama ba. A zangon farko kada ka wuce 12. Ka fara sanin nauyin kayan kafin ka ƙara.

Wane darasin bidiyo za ka zaɓa? Na farko sauti. Na kalli bidiyon bikinmu da yawa, hoto tas kamar a talabijin, amma da liman ya fara addu'a sai ka ji ƙarar fanka da kukan yara sun danne shi. Mai kallo yana haƙuri da hoton da ya ɗan yi duhu, ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji. Darasi ɗaya zai koya maka irin makirfon da ya dace da kowane wuri, da yadda ake jawo sauti kai tsaye daga na'urar mai kiɗa, da yadda ake hana murya fashewa. Na biyu haske, musamman da yake fatarmu tana buƙatar wanda ya san yadda ake haska ta, balle a ce amarya tana cikin farin leshi mai walƙiya. Tacewa kuwa kana iya fara koyonta a gida, tunda manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta. In za ka yi ta a aji, ka nemi wanda ake koyar da Avid Media Composer, don har yanzu shi ne ya fi yawa a ɗakunan tace fim da shirye-shiryen talabijin, kuma ba kasafai mutum ke koyonsa shi kaɗai ba. Kwalejin shekara biyu ta BMCC da ke ƙasan Manhattan tana da sashen fasahar watsa labarai da sashen CIS duka biyu, kwalejin Bronx ma tana koyar da fannonin biyu.

Akwai kuma hanyoyin da ba su shafi kiredit ba. BronxNet, tashar talabijin ta al'ummar Bronx, tana horar da mazauna yankin aikin sitidiyo da na waje. Shirin Made in NY na ofishin magajin gari yana horar da mataimakan aikin fim kyauta tun 2006, kuma ta wannan ƙofa mutane da yawa ke fara taka lokeshan.

Abin da ya sa ban ɗauki shawarata a matsayin raba ka da abin da kake so ba shi ne, fannonin biyu sun riga sun haɗe. Awa ɗaya na hoto mai tsananin tsabta, wato 4K, a tsarin ajiyar bidiyo na ProRes 422 HQ yana haura gigabait 300. Shirin da aka ɗauka da kamara uku tsawon mako guda, dole wani ya kwashe katunan, ya tabbatar kwafin bai lalace ba, ya sa wa fayiloli suna ta yadda za a same su bayan wata shida, ya kula da saba, wato babbar kwamfutar ajiya, da editoci huɗu ke aiki a kanta lokaci guda. Mataimakin edita rabin aikinsa wannan ne. Haka watsa taro kai tsaye ta intanet: in hoto ya tsaya, galibi matsalar ta layin sadarwa ce, ba ta kamara ba. Wanda ya san SQL da Linux, ya kuma san dalilin da sauti ke zamewa daga leɓe idan an cakuɗa hoto mai firam 25 a daƙiƙa irin na Ghana da mai 29.97 irin na Amurka, ba shi da yawa a kasuwa.

Yanayi ɗaya ne zai sa in juya maka shawarar. In ka yi darasin rubuta manhaja na farko da iya ƙoƙarinka, ka je wurin masu taimaka wa ɗalibai, amma ka ga ranka yana ƙuna duk lokacin da ka buɗe kwamfuta, to ka canza tun a ƙarshen zangon farko ko na biyu, lokacin da yawancin abin da ka yi na gama-gari ne kuma zai bi ka. A lokacin ka nemi digirin bidiyo mai AS, ka sa ido kan sashen fim na Brooklyn College ko Hunter ko City College. Kuma in za ka kai wa Baba maganar, ka tafi da sakamakon zangon da jerin darussan a hannunka, ku zauna ku duba tare.