Amsa ga Malama: aji ya yi tsit a darasin Zoom

Assalamu alaikum. Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce kina yi wa ƴan turwaziyem (ajin ƙarshe na kwaleji) su 28 bitar lissafi ta Zoom saboda BEPC, jarrabawar kammala kwaleji, amma da an yi minti goma sai aji ya yi tsit, kyamarori a rufe, wasu su fita su dawo, wasu ki kira suna shiru. Kina tambaya ko akwai manhajar da za ta farkar da su.

Kafin a zo ga manhaja, ki riƙe doka ɗaya: kada minti biyar ya wuce ba ki sa kowane yaro ya yi wani abu da hannunsa wanda za ki gani ba. Yaron da ke sauraro kawai ta waya, ga ƙanne na wasa a tsakar gida, ba ya daɗewa hankalinsa ya tafi.

Yawancin shirun nan kuma maganar mega ce. A Zoom, murya kaɗai tana cin kilobit 60 zuwa 80 a sakan, wato mega 30 da ƴan kai a awa. Bidiyon gurup mafi ƙarancin kyau yana neman kilobit 600 wajen saukowa, kusan mega 270 a awa, ban da abin da kyamarar yaron ke turawa. Wanda ya sayi ƙaramin forfe, wato mega na yini ɗaya, ya san wannan lissafin ko bai iya faɗarsa ba, shi ya sa yake rufe kyamara. Kada ki tilasta masa. Ke ma ki gaisa da su fuska da fuska minti biyu, ki rufe taki, ki nuna musu shafin darasi. Shafin da ba ya motsi kaɗan yake ci. Rubutun ya zama manya, layi huɗu ko biyar a shafi, domin a fuskar salula za su karanta.

Abin da ya fi aiki shi ne ardwaz ɗin da suka saba da shi tun firamare. Kowa ya zo da allo da alli, ko farar takarda da baƙar maka. Fensir ba ya fita a kyamara. Ki ba da aiki, misali 2x + 3 = 11, ki ba su minti ɗaya, sannan ki ce a ɗaga. Kowa ya buɗe kyamara sakan goma, ya nuna, ya rufe. Su fuskanci ƙofa ko taga, kada hasken ya zama a bayansu. Wasu za su ce rubutunsu ya juye: a wayarsu kaɗai yake haka, ke daidai kike ganinsa. Wanda rezonsa bai ɗaukar kyamara ya rubuta a wurin saƙo na Zoom, amma kada kowa ya tura sai kin ƙirga uku, in ba haka ba amsar mai ƙoƙarin aji za su kwafa.

Amsoshin da ba daidai ba su ne darasinki. Mai 4 ya samu. Mai 7 ya kai 3 ɗaya gefen bai sauya alama ba. Mai 8 ya tsaya bai raba da 2 ba. Mai 16 ninkawa ya yi maimakon rabawa. Ki ɗauki 7, ba tare da kin ambaci mai ita ba, ki tambayi aji ta ina aka bi aka zo nan. A nan ne bakinsu ke buɗewa, domin gyara kuskuren wani ya fi musu sauƙi da amsa tambayar malama.

Wajen kiran suna, tambaya ta riga suna. In kin ce "Habibu" tun farko, sauran 27 sun huta. Ki yi tambayar, ki dakata, sannan ki kira, ki ƙirga goma a zuci: muryarki tana jinkiri a hanya, shi kuma sai ya nemo maɓallin buɗe makirufo. Ki ajiye jerin sunaye kina sa alama, don kada ya zama mutum biyar ne kullum. Ki rufe makirufon kowa tun shiga. Ƙarar nan mai amsa kuwwa galibi waya biyu ce a ɗaki ɗaya. Ƴan gida ɗaya su haɗu kan waya guda.

Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, Google Meet a minti 60. A ganina 35 sun isa, in dai bayanin darasi ya riga ya tafi gurup ɗin WhatsApp tun da safe: saƙon murya na minti uku da hoton misali ɗaya da aka warware. Hoton ki tura shi a matsayin takarda, don WhatsApp yana matse hoto har ƙananan lambobi su dushe. Kiran ya zama na aiki da gyara kawai. Kada kuma ki sa su yi ta tsalle tsakanin Zoom da WhatsApp ana cikin kira, ƙananan wayoyi kan yanke kiran da an fita.

Su manhajojin: ƙuri'ar cikin Zoom, inda yara ke zaɓar amsa a fuskar waya, sai mai biya. Ta WhatsApp kyauta ce, amma kowa yana ganin inda jama'a suka karkata, sai a bi ayari. Google Forms ya fi dacewa da aikin gida, tambaya biyar, ya gyara da kansa, ya nuna miki wadda aka fi faɗuwa, da ita za ki buɗe darasi na gaba. Kahoot, manhajar gasar tambayoyi, yana ba da maki kan sauri, don haka yaron da ke garin Mirya da rezo mai rauni zai sha kashi ko ya fi kowa sani. Ni ba na ba da shawararsa a nan. Rarraba aji zuwa ƙananan ɗakuna akwai shi a Zoom na kyauta, sai dai a kunna shi a shafinsu na intanet tukuna. Mutum huɗu, minti shida, aiki ɗaya, da wanda zai kawo rahoto; in babu mai rahoto hira za su yi.

Lokaci ki tsayar da shi da iyaye, tunda wayar galibi ta uba ce ko ta yaya, kuma sai ya dawo daga kasuwa. Tsakanin la'asar da magariba ƴan mata suna madafa. Bayan isha'i ko safiyar Asabar ya fi. A zafin Afrilu da Mayu, daidai lokacin bita, wayar da ke kira tana kan caji tana ɗaukar zafi har ta sanƙare: a cika ta kafin darasi, a cire mata riga. Ki rubuta a gurup tun yanzu cewa in wuta ta ɗauke ko kin ɓace, a yi aiki na gaba a jira minti biyar. Wanda bai samu shiga ba, kada ki tura masa bidiyon darasi, ya yi nauyi. Hoton gyara da saƙon murya sun wadatar, shi kuma ya turo hoton nasa aikin kafin kira na gaba.