Gidan da ruwa ya ci: takardu kafin bulo

Malam, Allah ya mayar da alheri. Ka tambaya ko gidan da ambaliyar 2024 ta rushe a Kusiri, arewacin Kamaru, za a iya tayar da shi a kan tsohon tushensa ba tare da komawa meri (ofishin magajin gari) ba, tunda filin naka ne. Fili naka ne, amma izinin gini daban yake.

Kafin ka kwashe ɓaraguzai, ɗauki hotuna ta kowace kusurwa, har alamar da ruwa ya bari a bango, ka kira wusiye (jami'in shari'a mai shaida a rubuce) ya rubuta konsta, wato takardar shaidar ɓarnar da ya gani. Da gobara ce, sai ka haɗa da rahoton 'yan kwana-kwana. Mai inshora kuwa kada ya wuce kwana 5 na aiki bai sanar da kamfani ba, shi ne wa'adin da aka saba a ƙarƙashin dokar CIMA, dokar inshora ta bai-ɗaya da Kamaru ke bi.

Dokar tsara birane ta 21 ga Afrilu 2004 ita ke aiki a nan. Ta hana gini a wurin da ke cikin haɗarin ambaliya ko zaizayar ƙasa, sai da sharuɗɗa na musamman, kuma tsufan gida a wurin ba hujja ba ce. Ƙari a kan haka, dokar filayen hukuma ta 1974 ta mayar da mita 25 daga iyakar cikar babban kogi irin Logon mallakar hukuma. Saboda haka fara da sertifika na urbanism a meri, shi zai nuna ko filin na ginuwa ne. Mai titir fonsiye (takardar mallakar fili ta hukuma) permi na gini, wato izinin gini, zai nema, da zanen gida da kiyasin kuɗi. Wanda takardar blama ko lawan kawai yake riƙe da ita, permi na dasawa ne nasa, wato izinin kafa gini a filin da ba shi da titir, kuma wannan ba ya ba da mallaka, komai yawan shaidun da suka sa hannu. In titir ya jiƙe ya lalace, sai da umarnin kotu ake fitar da kwafinsa.

Inda rigima ta fi tashi shi ne iyaka. Ruwa yakan tumɓuke bon, wato duwatsun iyaka, katanga ta kwanta, maƙwabci ya matso da taku biyu. Kira ma'aunin kadastar (ofishin awon filaye) ya sake kafa su, maƙwabta na tsaye.

Tsohon tushen kuwa, ni ban yarda da shi ba. Baƙar ƙasar karal tana kumbura da damina, ta dare da rani har hannu ya shige. A tono a duba; in ya tsage a sake shi da bulo mai kaurin santimita 20 cikakke da ɗaurin rodi, daɓe kuma ya haura waccan alamar ruwan da ka ɗauka a hoto.