Amsa ga yarona a kan kalmar “strike”

Ka tambaye ni dalilin da ya sa kalmar “strike” take fito maka a labarin ma'aikata da na soja da na kotu a rana guda, alhali ƙamus ɗin da ke wayarka ya ce ma'anarta bugu ne. Da ba don tambayar ta fama mini tsohon ciwo ba, da na bar ka da wayar taka.

Ba zan ɓata lokaci a kan abin da ko ɗan aike ya sani ba. A labarin ma'aikata yajin aiki ne, irin wanda ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga ranar 14 ga Fabrairun 2022 ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. A labarin soja hari ne, a labarin kurkuku yajin cin abinci, idan kuma ta zo da ciniki to yarjejeniya aka ƙulla. Inda ake karya mutum shi ne a kotu.

A watan Janairun 2012, lokacin da aka cire tallafin mai lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, ƙungiyoyin ƙwadago suka tsayar da ƙasa, ni kuma na kasa fita daga unguwarmu. A lokacin ina riƙe da kwangilar fassara wa wata jaridar mako-mako labaran kotu, sai na bar wa wani yaro da ke zaune kusa da ofis, wanda ya zo mini da digiri da baki, labarin wani rikicin fili. Takardar kotun ta ce alƙali ya yi “struck out” (wato “strike out” a shuɗaɗɗen lokaci) da ƙarar saboda lauyan mai ƙara bai bayyana ba. Ma'anar wannan ita ce an cire ƙarar daga jerin shari'u ba tare da an taɓa gundarinta ba, kuma mai ita yana da damar neman a dawo da ita. Ta sha bamban da “dismissed”, wadda galibi ke nufin an saurara an kori ƙarar, sai dai a ɗaukaka. Yaron nan ya zauna ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa kotu ta kori ƙara ta tabbatar wa wanda ake ƙara da filinsa.

Wanda ake ƙarar ya sayi kofi ashirin na jaridar ya raba a unguwa, ya sa aka sauke bulo a filin. Bayan mako biyu wasiƙar lauya ta iso. Mai jaridar, wanda bai taɓa biyana a kan lokaci ba, nan take ya gano lissafi: ya buga neman afuwa a shafin farko da sunana a ciki, ya riƙe kuɗina na wata huɗu, ya ba wani ƙanin matarsa kwangilar. Kuɗin makarantar 'ya'yana na wannan zango da babur ɗina na biya shi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lambar magatakardan kotun tana manne a jikin bango, daidai saman teburin da yaron yake zaune, amma irinku kun fi yarda da waya a kan tambayar wanda ya sani. Shi kuwa yaron yanzu na ji an ce sharhin shari'a yake yi a Facebook, har yana da mabiya.