Ana muzuru ana shaho: me ke cinye mini kaji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon kajin gida a bayan gari. Kazata ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki 12, cikin sati biyu saura 4. Wasu da rana suke ɓata, wasu kuma in wayi gari in tarar da su a mace cikin akurki. Maigida na shirin gina mini gidan kaji 500, ina tsoron kada asarar ta biyo ni can. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar da alheri. Daga bayaninki, ɓarayi biyu ne ke yi miki ɓarna, na rana da na dare, kowanne da maganinsa.

Wanda ke ɗauke ɗan tsako da rana tsaka, ba jini ba gawa, sai kukan uwar kawai ki ji, wannan shirwa ce ko shaho, wani lokacin hankaka. Maganinsu shi ne kada ki saki 'yan tsaki su bi uwarsu yawo sai sun kai sati 6 zuwa 8. Ki kife su da babban kwando ko kejin waya a inuwa, da ruwa da tsaki a ciki, kina matsar da shi kullum zuwa wuri mai tsabta. Bayan sun tasa ma, tsakar gida fetal ba alheri ba ce gare su; a samu rumfa ko 'yar bishiya da za su ruga ƙarƙashinta idan zakara ya yi gargaɗi.

Na daren ya fi damuna. Ki duba gawar da kyau kafin ki yar. Idan an gutsure wuya ko kai, ko an ja ɗan tsakon zuwa bakin rami, ki zargi ɓera, gafiya, tunku ko muzuru. Idan ƙwai ke ɓacewa ba ko ɓawo, ko kaza mai kwanci ta mutu jikinta ba rauni a fili, to maciji ya san hanya. Amma idan suna mutuwa da yawa, da gudawa da laƙwashewar wuya, musamman lokacin hunturu, wannan cuta ce, likitan dabbobi za ki nema.

Yawanci mu muke gayyato su da hannunmu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dusa ta zube ta kwana a ƙasa, ɓera ya zo; inda ɓera ya yawaita kuwa maciji na tafe. Ki riƙa kwashe ragowar abinci kafin magariba, ki zuba na ajiya a durom mai murfi, ki kwashe ƙwai kullum, ki nome ciyawa, ki ɗauke tarin itace da tsofaffin bulo daga jikin akurkin. Akurkin kansa a ɗaga shi daga ƙasa kamar kamu ɗaya, a toshe duk ƙofar da babban yatsanki zai shiga. Don Allah kada a aiki yaro ya zura hannu cikin akurki da duhu ba fitila.

Batun gidan kaji 500, tun a tubali ake gyara shi. A yi daɓen siminti, a ja bulo layi biyu ko uku, sannan raga har rufi. Ragar kaji da aka saba saye kaza take tsarewa kada ta fita, ba ta hana ɓera shiga, kuma kare na iya yaga ta. Ki sa a sayo mai kauri, mai ido rabin inci, ko da a ƙasa-ƙasa ne kawai. Idan akwai fili mai shinge, a binne ragar kamar santimita 30 saboda masu tono. Wurin da magina suka fi mantawa shi ne tsakanin bango da kwano, da ƙarƙashin ƙofa; ki tsaya a kansu har sai an rufe.

Ba na goyon bayan barbaɗa shinkafar ɓera a fili. Kaji na tsattsage ta, yara na iya kaiwa gare ta, magen gida kuma ta ci mushen ɓeran ta bi shi. Tarko ya fi, a dana shi jikin bango, inda kika ga kashin ɓera. In dole sai guba, a sa ta cikin akwati rufaffe a wajen ɗakin kaji, a riƙa binne mushen kowace safiya.