Robar da muke naɗawa kafin mu ɗaure batir

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma amsa gaisuwa. Ka ce ka sayi fitilar keke irin wadda batirinta yake daban, waya ce ta haɗa su, kana tambaya me ya sa mu tsofaffin mahaya muke naɗa roba a sandar keke kafin mu ɗaure batir, muna ƙin rataye shi a sitiyari kusa da fitilar inda ya fi sauƙi. Har da tsokana, wai ko al'ada ce kawai da muka gada ba mu san dalilinta ba. Al'ada ce kam, amma wahala ce ta haife ta.

Lokacin da na fara hawa, dainamo muke da shi, ɗan injin ba da wuta mai volt 6 da wat 3, wanda kansa ke gogar gefen taya. Kana tafiya akwai haske, ka tsaya duhu ya rufe ka, in an yi ruwa kuma ya yi ta santsi yana kuka. Daga baya muka koma batir mai dalma, nauyi kamar dutse. Wanda ya taɓa ɗaura irinsa a sitiyari sau ɗaya ba ya sakewa, domin kan keken sai ya riƙa fizgar hannunka a kowace kwana. Shi ya sa muka mayar da shi cikin kusurwa ukun nan ta jikin keke, ƙarƙashin sandar sama, inda nauyi ba ya bin juyin sitiyari. Can kuma ya fi tsira, don in keke ya faɗi, sitiyari da feda ne ke fara cin ƙasa.

Naka na litiyam ne, irin da kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Yawancin waɗannan fitilu ƙwayoyin batir huɗu ne a cikin jakar batirinsu, waɗanda ake kira 18650, wato kauri milimita 18, tsawo 65, kowace ba ta kai giram 50 ba. In ka ga an rubuta volt 8.4 a jikin cajarsa, to bibbiyu aka jera su. Ka ga nauyi ya ragu sosai, amma dalilin robar yana nan daram.

Bari in ba ka labarin yadda na koya. Na taɓa ɗaure jakar batir da maɗaurinta kawai, ƙarfe tsirara, ina ganin ai ta kama. Ashe tana ɗan motsi, ƙura na shiga tsakani. Bayan wata biyu na kwance ta, sai ga fenti ya ci, wuri kamar faɗin babban yatsa yana ƙyalli, gefensa har tsatsa ta fara. Ƙura da girgiza sun yi aikin da takardar goge katako ke yi. Kuma kafin nan kullum jakar sai ta zame baya ta riƙa bugun gwiwata. Tun ranar nake yanko tsohuwar robar cikin taya, faɗin yatsu uku, in naɗa zagaye biyu, sannan in ɗora batir. Tana riƙe shi kada ya zame, tana shanye girgiza, tana kare fenti. In jikin kekenka na kabon ne, wato zaren nan mara nauyi da ake yin wasu kekuna da shi maimakon ƙarfe, abin ya wuce maganar kwalliya, domin gogayya na cin jikin da kansa.

Kada ka kuskura ka ɗaure da wayar ƙarfe. Tana yanka jaka, in ta kai ga ƙwayar kuwa, batirin litiyam da ya huje wuta yake kamawa.

Sai dai abin da ya fi ba mutane kunya a hanya ita ce waya, ba batir ba. Bayan ka ɗaure, juya sitiyari har ƙarshe dama, har ƙarshe hagu, ka ga wayar ba ta ɗame ba. Ni ta taɓa tsinke mini cikin dare a gangare, don na ja ta tsaf saboda ta yi kyau a ido. Bar mata ɗan sako, ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga batir, yadda ruwan sama zai ɗiga daga gwiwar lanƙwasar maimakon ya bi ta ya shige ciki. Bakin mahaɗin ma ya kalli ƙasa. Ka kuma duba ko wayar birki ta bi ta wannan sandar. Maɗauri ya shiga ta ƙarƙashinta, kada ya danne ta, in ba haka ba za ka matse birki ya ƙi sakewa.

Akwai inda ni kaina na bar tsohuwar hanya. In kekenka yana da ramukan nan biyu na mariƙin gorar ruwa, tazararsu milimita 64 ce kusan a kowane keke, sa batirin cikin tsohuwar gora, ka cusa soso ya hana shi kaɗawa. Ya fi ƙasa, ya fi zama. Abokan hawana sun yi mini dariya da farko, yanzu rabinsu haka suke yi. Illa dai ranar tafiya mai nisa za ka rasa wurin ruwan sha.

Kada ka naɗe shi yadda ba zai ciru ba. Zafi na kashe litiyam, don haka in za ka ajiye keke a rana, cire shi ka shiga da shi, ka yi caji inda idonka ke kai. Ranar da ka ga ya lotsa ko ya kumbura, ya gama aiki.

In ka gama ɗauri, ɗaga keken kamar taƙi ɗaya ka sake shi ya dira. In ka ji ƙwas-ƙwas, kwance ka sake. Bayan hawan farko ma ka ƙara ja, sabon maɗauri yakan saki. Turo mini hotonsa ta gefen da wayar take, ka gaishe mini da mahaifiyarka.